Ari Vatanen: Direban Da Ya San Halin Yashi

Duk wanda ya zauna a garejin makanikai a Fagge, ko a tashar mota ta Sabon Gari, ya san gardamar da ba ta ƙarewa: wane ne gwanin direba? Yawanci wanda ya fi gudu ake ba kambun. To, tseren motoci na hamada ya nuna cewa abin ya wuce taka totur.

Kano ma ta taɓa ganin irin wannan tsere. A watan Mayu na 1974 motoci 70 suka tashi daga Landan, hanyarsu ta ratso Sahara zuwa Kano, sannan ta juya zuwa Munich a Jamus. Guda 19 kaɗai suka kai ƙarshe. Har Stirling Moss, shahararren direban Ingila, motarsa a hamadar Aljeriya ta tsaya.

Wanda ya fi kowa nuna yadda ake bi da wannan hamada shi ne Ari Vatanen, mutumin Finland, ƙasar ƙanƙara. Ya zama zakaran duniya a 1981. A 1985 ya yi mummunan hatsari a Ajantina, saura ƙiris ya rasa ransa, ya daɗe yana jinya. Da ya miƙe sai ya shiga tseren Paris zuwa Dakar a 1987 da Peugeot 205, wato ƴar gidan su 504 ɗin nan da aka riƙa harhaɗawa a Kaduna, wadda muke kira Fijo. Tun a ranar farko ƙafar motar ta lalace, ya koma can baya. Ya bi ta Arlit da Agadas da Tawa yana cin tazara kaɗan-kaɗan, har ya isa Dakar a matsayin na ɗaya.

Mai karatu, ga inda gwanintar take. Yashi ba kwalta ba ne. In ka yi sanyi, mota ta nutse. In ka yi zafi a kan tudun rairayi, sai ka afka abin da ba ka gani ba a bayansa. Dole direba ya hau tudun da ƙarfi, ya sassauta ƙafa daidai ƙololuwa, ba kafin nan ba, ba bayan nan ba. Yana rage iskar taya don ta shimfiɗu a kan yashi mai laushi, yana duban launin ƙasa don ya gane inda ta yi tauri. Kunnensa ɗaya na wajen abokin tafiyarsa mai karanta hanya, ɗayan na wajen injin, domin motar da aka wahalar yau ba za ta kai gobe ba, ga shi tafiyar ta kusan mako uku ce. Makaniken Fagge zai gane wannan tun kafin a gama faɗa: daga kulochi da birki yake sanin irin direban da ya kawo masa mota.

A 1988 Vatanen yana kan gaba aka sace motarsa a Bamako, nasara ta kuɓuce masa. A 1989 kuwa, da shi da Jacky Ickx suka yi ta gogayya har shugabansu Jean Todt ya ji tsoron kada su farfasa motocin, ya jefa kwabo sama a Gao, ya faɗo wa Vatanen. A ganina wannan nasara ba ta kai ta 1987 daraja ba. Ya sake ci a 1990, sannan a 1991 da Citroën.

Tun 2009 tseren ya bar Afirka, ya koma Kudancin Amurka, daga 2020 kuma Saudiyya.