Kawa: Yadda Ake Jinyarta Idan Ta Ji Rauni

Daga Korbongou zuwa bakin teku a Lome tafiya ce ta fiye da kilomita 600, saboda haka ba za mu yi mamaki ba idan wani ɗan kasuwa ya ji muna maganar kawa ya ce, to mu ina ruwanmu da halittar da ke kwance a ƙarƙashin ruwa? Amsar ita ce, hanyar nan da ta taso daga Lome ta ratsa Sokode da Kara da Mango, ta iso Dapaong ta wuce Sinkase, babu irin hajar da ba ta ɗaukowa, kuma ɗan kasuwar kan iyaka bai san ranar da wani mai hali zai kira shi ya ce a samo masa abu kaza ba.

A manyan biranen duniya an daɗe ana ajiye kifaye da murjani da kawa masu rai a cikin akwatin gilashi mai ruwan gishiri domin ƙawata gida ko otal, kuma harka ce da ake juya kuɗi a cikinta. Matsalar ita ce kawa tana kama da dutse, sai mutum ya riƙa yi mata riƙon dutse, ya fizge ta, ya jefa ta a buhu, alhali kuwa rai gare ta. Yawancin asarar da ake tafkawa a kanta daga nan take farawa.

Mun san ta tun ba yau ba

Bahaushe ba baƙon wannan halitta ba ne. Ƙumbar wata irinta ce iyayenmu mata ke kira makankari, suna kankare tukunya da ita. A Kogin Oti, wanda a zamanin da fataken Gwanja suke ƙetarewa a Sansanin Mango a kan hanyarsu ta zuwa sayen goro a Salaga, akwai kawar kogi da masana ke kira Etheria elliptica, wadda ke manne wa duwatsu. Mutanen bakin kogi kan ciro ta da rani idan ruwa ya janye, su ci naman, su ƙona ƙumbar su sami farar ƙasa ta shafen ɗaki.

Kowace irin kawa ƙumba biyu gare ta, masu mahaɗi a gefe guda kamar ƙyauren ƙofa, da tsoka mai ƙarfi da ke rufe su. A ciki akwai wata tattausar fata da ta lulluɓe jikinta, wadda za mu kira mayafi. Wannan mayafi shi ke tsotsar sinadarin kalsiyam daga ruwa yana gina ƙumbar a hankali. Ke nan idan ƙumba ta tsage amma mayafin yana lafiya, kawa za ta ɗinke kanta. Idan kuwa mayafin ne ya lalace, to jinya ta yi wuya.

Wadda ake sakawa a akwatin gilashi ita ce babbar kawar teku da ake kira Tridacna. Mazauninta Bahar Maliya ne da Tekun Indiya da Tekun Fasifik, babu ita a gaɓar Afirka ta Yamma, don haka duk wadda aka gani a Lome ko Legas shigo da ita aka yi. Mafi girma a cikin danginta takan wuce mita ɗaya, nauyinta ya zarce kilo 200, amma na gida ƙanana ne, kamar tafin hannu. Abin mamaki game da ita shi ne akwai wata gansakuka mitsi-mitsi da ke zaune a cikin mayafinta, tana amfani da haske tana sarrafa mata abinci. Wannan ne ya sa take buɗe ƙumba ta shimfiɗa mayafinta mai launin shuɗi ko kore, kuma shi ya sa ba ta rayuwa sai da haske mai ƙarfi.

Ta ina rauni ke zuwa?

Na farko kuma mafi muni shi ne fizga. A ƙarƙashin kawa akwai wata kafa da zare ke fitowa ta ciki, da shi take ɗaure kanta a jikin dutse. Wanda ya kama ta ya ja da ƙarfi, sai ya yage naman da ke yin zaren, kuma irin wannan rauni sau da yawa shi ne ajalinta. Idan ya zama dole a matsar da ita, a ɗauke ta tare da dutsen da ta kama. Idan hakan ba zai yiwu ba, a sa reza mai kaifi a yanke zaren daga jikin dutsen, nesa da namanta.

Na biyu shi ne faɗuwa, wato ta sulluɓo daga kan duwatsun da aka jera ko ta suɓuce daga hannu, ƙumbar ta tsage. Na uku shi ne cizo, domin akwai kifayen ado da ƙaguwa masu yagar mayafinta. Akwai kuma wani ɗan dodon koɗi fari da bai kai ƙwayar shinkafa ba, wanda ke ɓoyewa a ƙarƙashinta da rana, da dare ya fito yana tsotsar ruwan jikinta.

Gane lafiyayyar kawa ba shi da wuya. Tana da ƙananan idanu masu yawa a gefen mayafinta, saboda haka idan aka gitta hannu inuwa ta faɗa mata, nan take za ta ja jiki ta rufe. Mayafinta yakan fito ya rufe bakin ƙumba, kuma a bakin ƙumbar ana ganin farin layi na sabon gini. Wadda ba ta da lafiya kuwa sai a ga mayafin ya janye ciki, kafar da take shan ruwa ta wangame, launinta ya koɗe, inuwa ta gitta ba ta motsa ba.

Yadda ake jinyar

Abu na farko shi ne a raba ta da abin da ya ji mata ciwo. Idan kifi ne, a fitar da shi, ko a kife mata ɗan kwandon roba mai ramuka wanda ruwa da haske za su ratsa. Idan dodon koɗin nan ne, a duba ta da tocila bayan an kashe fitila, a goge shi da ƙwansa da buroshin goge haƙori mai laushi, a maimaita har tsawon makonni.

Abu na biyu, a zaunar da ita daidai, mayafi yana kallon haske, kafar zaren tana ƙasa a kan faffaɗan dutse domin kada tsutsa ta shiga ta nan. Kada a bari ruwan famfon akwatin ya riƙa dukanta kai tsaye. Idan an taɓa fitar da ita daga ruwa, a jujjuya ta a hankali bayan an mayar da ita domin iskar da ta maƙale a ciki ta fita. Ɗan ɓallewa a bakin ƙumba ba ya buƙatar komai. Tsaga babba kuwa, masu wannan sana'a kan manne ta daga waje da gam mai kauri irin na Super Glue, tare da kiyaye kada ko ɗigo ya taɓa nama.

Abu na uku shi ne ruwa, kuma shi ne ainihin maganin. Gishirinsa ya tsaya a kan giram 35 a kowace lita, kamar na teku, kuma gishiri ne na musamman da ake haɗawa domin wannan aiki, gishirin miya ba ya yi. Zafinsa ya kasance tsakanin digiri 25 zuwa 27, kalsiyam kuma tsakanin miligiram 400 zuwa 450 a lita, domin da shi za ta yi ɗinki. Kada a kuskura a zuba maganin kifi mai sinadarin jan ƙarfe, domin guba ne ga kawa da murjani. Kazalika kada a zuba ƙwayoyin maganin mutane da sunan taimako.

Abu na huɗu, wanda ya fi wa mai ita wuya, shi ne ya ƙyale ta. Mai jinya yakan ƙosa, yau ya ɗaga ta ya duba, gobe ya sauya mata wuri, kuma kowane ɗagawa ƙarin wahala ne a gare ta. Sauƙi yakan ɗauki makonni, wani lokaci watanni, mai haƙuri shi kan dafa dutse. Amma idan naman ya fara saki yana wari, to ta mutu, a fitar da ita nan take, domin ruɓewarta za ta gurɓata ruwan ta hallaka sauran abin da ke ciki.

A nan wajibi ne mu faɗa wa 'yan uwa gaskiya. A yankinmu zafin watan Maris da Afrilu yakan kai digiri 40, hunturu kuma yana ƙafar da ruwa ya bar gishirin ya yi yawa, sai an riƙa cikawa da tataccen ruwa marar gishiri kuma marar kulorin. Ga ɗaukewar wutar lantarki, alhali famfo da fitila da na'urar sanyaya ruwa duk da ita suke aiki. Wanda ba shi da janareta ko sola mai batir, kada ya sa jarinsa a nan, da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Darasi daga bakin Volta

Ruwan Oti da ya wuce Mango a tafkin Volta na ƙasar Gana yake zuba, daga nan ya gangara zuwa teku a Ada. A wannan ƙarshen kogi akwai wata kawar mai binne kanta a yashi, Galatea paradoxa, wadda duk matafiyin da ya bi hanyar Ankara zuwa Aflao ya san ana tallar soyayyen namanta a Sogakope. Ƙumbarta kuma ana niƙawa a zuba a abincin kaji, ana yin farar ƙasa da ita, har gini ana yi.

Kafin a gama madatsar Akosombo a 1965 da ta Kpong a 1982, ana samun wannan kawa tun daga wajen Akuse, kuma mata da yawa da ita suka dogara. Madatsun sun sauya tafiyar ruwan, sai wurin kamun ya tsuke ya koma kusa da bakin teku. Dabarar da masu kamun ke yi ita ce su kwashi ƙananan su kai wani fili da suka yi wa alama a cikin kogin, su zuba su bar su watanni su girma. Bugu da ƙari, a bisa al'ada suna dakatar da kamu daga Disamba zuwa wajen Maris. Ba su ba ta magani, ba su ba ta abinci, wuri mai kyau da lokaci kawai suke ba ta, wato dai abin da muka ce mai akwatin gilashi ya yi.

Mai sayen ta domin ci kuwa ya sani, mai rai tana rufe, ko kuma ta rufe idan an ƙwanƙwasa ta. Wadda ta buɗe ta ƙi rufewa ko ƙumbarta ta fashe, a zubar. A ajiye ta a jiƙaƙƙen buhu a inuwa, kada a ɗaure ta a leda. Tun da tace ruwa take yi, takan tara ƙwayoyin cuta irin na kwalara da taifot, don haka sai an dafa ta sosai.

Batun takardu a kan iyaka

Tun 1985 duk dangin babbar kawar teku suna cikin jeri na biyu na yarjejeniyar CITES mai sa ido kan cinikin namun daji da tsirrai tsakanin ƙasashe, wadda Togo da Gana da Nijeriya da Burkina Faso duk suna cikinta. Ma'ana ba a ƙetara iyaka da ita sai da takardar izini daga ƙasar da ta fito, kuma dokar ta haɗa har da busasshiyar ƙumbarta. Ba wasa ake da lamarin ba, domin a Afrilun 2021 hukumomin Filifin sun kama kimanin tan 200 na ƙumbar a lardin Palawan, ga shi ana sassaƙa ta a maimakon hauren giwa. Wanda jami'an duwan, wato kwastan, suka tare shi da ita babu takarda, zai iya rasa kayan ya kuma shiga shari'a.

Shawararmu ga duk ɗan kasuwar da aka yi wa irin wannan sautu ita ce ya nemi wadda aka kiwata, domin ƙasashe kamar Palau da Tsibiran Marshall sun daɗe suna kiwonta. Ya ga takardar da idonsa, ya gitta mata hannu ya ga ta rufe, ya juya ta ya tabbata kafar zaren ba ta yage ba, sannan ya tambayi mai sautun ko akwatinsa ya yi watanni yana aiki kuma wutarsa ba ta yankewa. Idan ɗaya daga cikin waɗannan bai cika ba, to ya ba shi haƙuri ya mayar masa da kuɗinsa.