Gishiri da kanwa a cikin ruwan garka: me suke yi wa ƙasarka?

Ya kai mai noman rani na fadamar Tarka, da kai na Magiya, da kai na kwarin Keita, ka san wani farin gari da kan fito a bakin fangali idan rani ya yi nisa. Wasu na cewa ƙura ce, wasu na cewa toka ce. Gishiri ne. Ruwan da kake ba albasa shi ya kawo shi. Yau za mu duba yadda abin yake, don ka san ruwanka, ka tsare garkarka.

Kowane ruwa da kayansa

Ruwan rijiya, ko ya yi garau kamar hawaye, yana ɗauke da gishiri iri-iri da ya narke daga duwatsu da ƙasa. Rana tana shanye ruwan, albasa tana shan nata, gishirin kuwa nan yake zama. Bari mu yi lissafi. Hekta guda ta albasa tana iya shan ruwa lita miliyan 5 daga dashe zuwa cira. Idan kowace lita tana da rabin giram na gishiri, to kilo 2,500 ke nan, wato buhu 50 mai kilo hamsin-hamsin, a shekara guda. Masanan hukumar FAO sun ce ruwan da bai kai rabin giram a lita ba ba shi da wata illa, wanda ya wuce giram 2 kuwa yana da haɗari sosai. Albasa tana cikin shuke-shuken da ba su jure gishiri ko kaɗan.

Ka yanka albasa, ka barbaɗa mata gishiri. Ba da jimawa ba za ka ga ruwa yana tsattsafowa. Haka gishirin ƙasa yake yi wa saiwa. Shi ya sa shuka kan yi yaushi alhali ƙasa da danshi, bakin ganye ya ƙone, kan albasa ya ƙi girma.

Mai hannu ɗaya da mai hannu biyu

Gishiri in ya narke, rabuwa yake yi zuwa ƙwayoyi ƙanana waɗanda ido ba ya gani. Kowace ƙwaya tana ɗauke da ƴar wutar lantarki. Ka tuna batirin rediyonka: kai guda yana da alamar +, ɗayan yana da alamar −. Masu alama iri ɗaya korar juna suke yi, masu alama daban su manne. Ƙwayoyin laka duka alamar − gare su, saboda haka ba su son kusantar juna. Shi ya sa ruwan tabki kan kwana da kwanaki bai kwanta ba.

Ƙwayoyin gishiri masu alamar + su ne ke shiga tsakani. Amma ba ƙarfinsu ɗaya ba. Sodiyom, wanda ke cikin gishirin miya da kanwa, hannu ɗaya gare shi. Kalsiyom, wanda ke cikin farar ƙasa da farin dutsen Adar, hannu biyu gare shi: ya kama wannan ƙwayar laka, ya kama waccan, su dunƙule. Alam da mata ke sa wa ruwan tabki hannu uku gare shi, shi ya sa ɗan ƙanƙane ke kwantar da laka a tulu guda. Idan masana za su auna ƙarfin gishirin ruwa, mai hannu ɗaya suna lissafa shi 1, mai hannu biyu 4, mai hannu uku 9.

Ƙasar da kalsiyom ya riƙe takan yi dunƙule-dunƙule kamar dambu. Ruwa ya shige, iska ta shige, saiwa ta sake. Inda sodiyom ya yi yawa kuwa, laka takan kumbura, ta watse, ta toshe ƙofofin ƙasa. Abin mamaki, ɓarnar ta fi fitowa da ruwan farko na damina. Ruwan sama kusan ba shi da gishiri. In ya sauka, ya tsinka ruwan ƙasa, sai ƙwayoyin laka su rabu. Ruwa ya kwanta a bisa, in ya bushe wurin ya zama faƙo, ko hauya ba ta kama shi.

Gwada da hannunka

Ka sami kwalba 3, ka cika su da ruwan laka iri ɗaya. Ta farko ka bar ta haka. Ta biyu ka sa mata cokali guda na gishiri. Ta uku ka sa mata ɗan tsunkulin kanwa. Ka girgiza, ka ajiye. Mai gishiri za ta riga kwantawa, mai kanwa za ta daɗe a gurɓace.

Don gwada ƙasar garkarka, ɗauki busasshen ɗan curi, ka sa a hankali cikin kofin ruwan sama, kada ka motsa. Idan wani hazo ya kewaye curin, sodiyom ya yi mata yawa. Ruwan rijiyar da sabulu ke wuyar kumfa a ciki, yawanci mai kalsiyom ne. Wanda ke santsi a hannu kuwa, a yi hattara da shi.

Abin da za ka yi

1. Kada ka riƙa yayyafa ruwa kaɗan-kaɗan. Lokaci-lokaci ka ba fangali ruwa ya ƙoshi, don gishiri ya sauka ƙasa da saiwa.

2. Ka buɗe wa ruwa hanyar fita. Inda ruwan ƙasa yake kusa, kamar wurare da yawa a Tarka, in ya tashi sama yakan jawo gishiri zuwa bisa.

3. Ka zuba takin gida ruɓaɓɓe, ka rufe ƙasa da kara ko ciyawa don rana ta rage shan ruwa.

4. Takin zamani shi ma gishiri ne. Ka bi awon da malamin gona ya faɗa, kada ka jingina shi ga dashe.

5. Ƙasar da kanwa ta kama, maganinta jips ne, dutsen nan mai ƙyalli da ake tonowa a Adar ana kai wa masana'antar siminti ta Malbaza. Kalsiyom ɗinsa yana ture sodiyom daga jikin laka, ruwa ya wanke shi. Amma sai an gwada ƙasar tukuna. Malamin gona na iya aika ta wurin awo na INRAN a Yamai.

Wannan cuta ba a nan kaɗai take ba. Ta taɓa gonakin shinkafa na Ofis du Nijar a Mali, kuma a 2021 FAO ta ƙidaya hekta fiye da miliyan 833 da gishiri ya shafa a duniya. Iyayenmu sun dasa darbejiya a Magiya tun 1975 don tare iska. Mutanen Keita, maza da mata, sun jera duwatsu tun 1984 don tare zaizaya. Ƙasar da aka ceto da wannan gumi, bai kamata a bar gishiri ya ci ta a ɓoye ba. Rigakafi ya fi magani. Ka karanta wa maƙwabcinka wannan takarda, ku yi gwajin kwalba tare. Allah ya ba mu albarkar noma.