Danƙon Takarda A Jikin Mota: A Yi Hattara Da Reza

Duk wanda ya tsaya a tashar Ƙaura Namoda ya dubi motocin haya masu bin hanyar Shinkafi da Zurmi, zai ga jikinsu cike da tabon takardun manne: na haraji, na ƙungiya, da hotunan 'yan takara tun na zaɓen 2023. Takarda ta tafi, danƙo ya zauna, ƙura ta bi ta baƙanta shi.

Abin takaici, direbobi da yawa reza suke ɗauka su kankare. Reza kuwa tana karce fenti har ƙarfe ya bayyana, damina na sauka tsatsa ta kama wurin. Masu zuba tina ba su tsira ba, domin da ita masu fenti ke narka fenti. Man birki ma haka yake ci. Ranar sayar da mota dillali zai rage kuɗi a kan wannan ɓarna.

Abin da ya kamata shi ne a fara wanke wurin, don yashin da ya maƙale kada ya goge fenti. Sa'an nan a bar mota a rana, wadda ba mu rasa ta a ƙasar Zamfara, har danƙon ya yi laushi, a ture shi a hankali da tsohon katin roba. Abin da ya saura a ɗiga masa man gyaɗa ko kananzir kaɗan a tsumma mai taushi, a jira 'yan mintoci, a shafe, a wanke da sabulu nan take.

Motar da aka sāke wa fenti, a fara gwadawa a ɓoyayyen wuri, kamar cikin ƙofa.