Ɗinkin gida a Unguwar Boro

Ɗinkin gida shi ne mutum ya ɗinka wa kansa ko iyalinsa tufafi, ko ya gyara tsofaffi, ba tare da ya kai wa tela ba. Sana'a ce da aka fi sanin mata da ita a Unguwar Boro, wata unguwa da ke kusa da Sabon Tasha a ƙaramar hukumar Chikun, kudu da kogin Kaduna. An fi yin ta gab da Kirsimeti da Sallah, lokacin da aiki ke yi wa teloli yawa, kuɗin ɗinki kuma ya tashi.

Tarihi

Kudancin birnin Kaduna ya daɗe da sanin harkar yadi. A shekarar 1957 masaƙar Kaduna Textiles Limited ta fara aiki a Kakuri, bisa haɗin gwiwar gwamnatin Jihar Arewa ƙarƙashin Sa Ahmadu Bello da kamfanin David Whitehead and Sons na Ingila. A shekarun 1960 aka ƙara buɗe Arewa Textiles da United Nigerian Textiles, suna saƙa audugar da ake nomawa a Arewa. Dubban ma'aikata sun zauna a unguwannin kudu da kogi saboda waɗannan masaƙu. Ta farkon ta rufe a 2002, United Nigerian Textiles kuma ta dakatar da aiki a 2007. Daga cikin dalilan akwai ƙarancin wutar lantarki, tsufan injuna, da yadi mai araha da ake shigowa da shi daga ƙasar Sin. Tun daga nan yawancin atamfar da ake ɗinkawa ta waje ce, talaka kuma ya ƙara dogara ga gwanjo, irin wanda ake saye a Kasuwar Barci.

Kayan aiki

Babban kayan aiki shi ne keken ɗinki na ƙafa ko na hannu, yawanci ƙirar Singer ko Butterfly. Ba ya buƙatar wuta ko janareta, kuma idan ana sa masa mai yakan kai uwa ta bar wa 'yarta. Sauran su ne almakashi, allura, zare, tef na awo, alli da dutsen guga na gawayi. Sunayen ma sun nuna hanyar da kayan suka biyo: almakashi da allura daga Larabci suke, yayin da tela, yadi da faci aro ne daga Ingilishi.

Tattalin yadi

Turmin atamfa yadi shida ne, wanda kan ishi mace riga da zani da ɗankwali. Ƙwarewar mai ɗinki tana bayyana ne kafin ta sa almakashi: takan shimfiɗa yadin, ta zana duk sassan da alli kusa da juna, sannan ta yanka. A rigar yara akan bar rara a gefe da ƙasa, domin a warware a buɗa idan yaro ya girma. Ragowar ƙyalle ba a zubarwa. Akan harhaɗa shi a yi rigar matashi, jaka ko mayafin jariri. Tsohon zani kan koma majanyi, daga baya ya zama tsumma. Kayan gwanjo ma akan rage su ko a sauya musu wuya da hannu.

Sai dai ba kowane yadi ne ke karɓar wannan dabara ba. Mai yawan roba, wato foliyesta, ba ya shan gumi, yana narkewa a ƙarƙashin dutsen guga mai zafi, kuma ba ya ruɓewa idan aka jefa shi a bola ko kwata, inda yake taimakawa wajen toshe magudanar ruwa da damina. Atamfar auduga zalla ta fi jure wanki da faci, amma ta fi tsada, shi ya sa gidaje da dama ba sa iya sayenta sai lokacin biki.