Hoton Haƙori Mai Zagaya Kai: Yawan Hasken da Ke Shiga Jiki

Idan likitan haƙori a Bahri ko Omdurman yana so ya ga haƙoranka duka da muƙamuƙi a hoto guda, zai tura ka hoton fanorama. Za ka ciji ɗan roba, na'ura ta zagaya kanka cikin daƙiƙa 10 zuwa 20.

Hasken eksire ba a ganinsa, amma ana auna shi da ma'aunin da ake kira milisibat. Hoto ɗaya yakan kai kusan 0.02. Ƙasa da iska da abinci kuwa suna ba kowa kimanin 2.4 a shekara. Wato hoton bai wuce rabon kwana 3 ba.

Yaya ake aunawa? Ana liƙa ƙananan ƙwayoyi masu shan haske a bakin na'urar, ko a kan mutum-mutumi wajen maƙogwaro. In an ɗumama su, sai su fitar da ƙyalli gwargwadon abin da suka sha. Da haka ake gane na'urar da ke zarce ƙima.

Haɗarin kaɗan ne, amma yana taruwa, musamman ga yara. Saboda haka:

1. Cire ɗan kunne, sarƙa da tabarau, ka tsaya cik, don kada a maimaita.
2. Mai juna biyu ta faɗa tukuna.
3. Adana hotonka, ka ɗauke shi a waya. Tun yaƙin Afrilu 2023, takardun asibitoci da yawa sun ɓace.

Allah ya ba mu lafiya.