Kiristan Gusau da masu sayar da kariya

Duk wanda zai tashi daga Gusau ya bi ta Tsafe zuwa Funtuwa a shekarun nan, sai ya yi addu'a kafin ya shiga mota, a kuma yi ta kiransa a waya har ya sauka. A watan Satumba na 2023 'yan bindiga sun shiga Sabon Gida a ƙaramar hukumar Bunguɗu suka kwashe ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau daga ɗakunan kwanansu. Tsoro a Zamfara yana da dalili, kuma a kansa ne wasu masu kiran kansu bayin Allah suka kafa kasuwa.

Kiristan da ke zaune a unguwar Tudun Wada ta Gusau ba sai ya je ko'ina ba, wa'azin yana iske shi a WhatsApp da Facebook. Wani annabi daga Legas ko Fatakwal zai ce a turo kuɗin "shuka iri" ya aiko da man shafewa wanda harsashi ba ya ratsa mai shi. Wani zai ce ya ga wahayi, ciwon da ya ƙi warkewa a gidanku aikin surukarku ne ko wata tsohuwa a ƙauye. A ganina waɗannan biyun, wato sayar da kariya da jifan dangi da maita, su ne koyarwar ƙarya mafi haɗari a yankinmu, sun fi duk wata gardamar tauhidi ɓarna. Na farkon laya ce aka canja wa suna. Kakanninmu da suka tuba sun ƙone layunsu ne domin sun daina sayen tsari a hannun mutum. Na biyun kuwa yana raba zumunci a lokacin da ba mu da abin dogaro a duniya kamarsa.

Ikilisiya a nan ƙarama ce, amma ba baƙuwa ba ce. Jirgin ƙasa ya iso Gusau a ƙarshen shekarun 1920, ya kawo ma'aikata da 'yan kasuwa daga Kudu da majami'unsu. Limaman Katolika na ƙungiyar Dominikan daga Amurka sun zauna a Gusau a shekarun 1950. Ikilisiyoyin da mishan ta SIM ta kafa suka zama ECWA a 1954. Abin da ya haɗa Bahaushe da Bajju da Dakarkari a benci ɗaya shi ne Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda aka buga cikakke a 1932, aikin da Likita Mila na Zariya ya yi shekaru a kansa tare da wasu. Iyayenmu da yawa da shi suka koyi karatu. Shi ya sa nake jin zafi idan na ga jikansu, mai digiri, yana jiran wani a bidiyo ya faɗa masa abin da Allah ya ce, alhali littafin na nan a ɗaki ƙura ta rufe shi.

Matsalar ta girmi intanet nesa ba kusa ba. Ayyukan Manzanni sura 8 ta ba da labarin Siman mai sihiri a Samariya, wanda ya so ya sayi baiwar Allah da kuɗi, Bitrus ya tsawata masa. Sura 17 ta yabi mutanen Biriya domin ko manzo Bulus da ya yi musu wa'azi, sai da suka koma Nassi suka duba. Akwai kuma wani ɗan littafi na Kiristocin farko, Didake, wanda aka rubuta wajen ƙarshen ƙarni na ɗaya ko farkon na biyu, aka sake gano shi a Istanbul a 1873. Ya ba ikilisiyoyi ma'auni mai sauƙi game da masu wa'azi matafiya: a karɓe su, a ciyar da su, amma wanda ya zarce kwana biyu yana zaune a kan jama'a, ko ya nemi kuɗi, a san ba na gaskiya ba ne. Halin mutum da aljihunsa suka ce a duba, tun kafin a kai ga mu'ujizarsa.

Inda aka ƙi dubawa, an ga abin da ya biyo baya. A Kanungu ta Yuganda, a watan Maris na 2000, ɗaruruwan mabiyan wata ƙungiya da ta sa ranar tashin duniya suka hallaka. A dajin Shakahola na Kenya, a 2023, an tono gawawwaki fiye da 400 na mabiyan Paul Mackenzie, wanda ake tuhuma da umartarsu su yi azumi har mutuwa. A gida Najeriya, kotu a Legas ta yanke wa Chukwuemeka Ezeugo, wanda aka fi sani da Rabaran King, hukuncin kisa a 2007 saboda cinna wa mabiyansa wuta har ɗaya ta mutu, Kotun Ƙoli ta tabbatar a 2016. A duka ukun, mutum ɗaya ko 'yan kaɗan ne suka zama ba a tambayarsu, aka kuma yanke mabiya daga danginsu.

Byang Kato, ɗan Kwoi da ya yi babban sakataren ECWA kafin ya rasu a Mombasa a 1975, ya yi ta gargaɗin cewa ikilisiyar Afirka tana yaɗuwa da sauri fiye da yadda take koyar da 'ya'yanta. Maganarsa ta fi kama mu yanzu. Fastoci da masu bishara da yawa sun baro ƙauyuka, iyalai sun watse, wasu sun fi shekara ba su zauna a nazarin Littafi Mai Tsarki ba.

Ga tambayar da nake yi wa kowace koyarwa da ta iso mu: me za ta ce wa matar da aka kashe mijinta a hanyar Tsafe? In amsarta ita ce bai ba da zakka ba, ko bangaskiyarsa ta yi rauni, ko wata 'yar uwa ce ta kama kurwarsa, to ba bisharar Almasihu ba ce. An jejjefi Istifanas har ya mutu, an sare Yakubu ɗan'uwan Yohanna da takobi, kuma ba wanda ya ce sun rasa bangaskiya. Ubangijin da muke bi ta kan gicciye ya bi. Ya yi alkawarin kasancewa da nasa a cikin wahala da kuma tashin matattu, bai ce hanya za ta zama babu 'yan bindiga ba. Muna roƙon kariya, muna kuma ganin amsar addu'a, amma kyauta ce, ba a biyan kowa kuɗinta.

Nauyin yana kan dattawan ikilisiya da fastoci da katekis. Baƙon mai wa'azi kada ya hau bagade sai an san wace ikilisiya ta aiko shi, wa kuma zai iya tsawata masa. A karanta lissafin baiko a gaban jama'a. Zumuntar Mata, wadda ita ce ke fara shiga gidan makoki da gidan da ake haɗa kuɗin fansa, a ba ta koyarwa mai zurfi, domin a irin waɗannan gidaje ne mai sayar da man shafewa yake fara sallama. Iyalin da aka sace musu ɗa sun riga sun sayar da gona da babur. In ikilisiya ba ta zauna da su ta buɗe musu littafin Ayuba da Zabura ba, ɗan abin da ya rage a hannunsu zai tafi asusun wani annabi da bai taɓa taka Gusau ba.