Godzilla a Gareji: Motar da Masu Ita Suka Ƙi Rabuwa da Ita

Duk wanda ya buɗe bonet ɗin Nissan Skyline GT-R ƙirar 1989, in dai ya san inda zai duba, zai ga wani siririn tiyon roba da aka yi wa alama da rawayan fenti. A cikin tiyon akwai wani ɗan mitsitsin ƙarfe mai huda a tsakiya, wanda aikinsa shi ne ya hana turbo cusa wa injin iska fiye da yadda kamfani ya ƙayyade. Da zarar an sa filaya an zare shi, cikin 'yan mintoci motar ta ƙara ƙarfi, ba a sayi ko kusa ɗaya ba. Masu Skyline sun daɗe suna raha cewa ba don ado injiniyoyin Nissan suka shafa fentin nan ba, nuni ne suka bar wa mai rabo. Da yawa daga cikin waɗanda suka shafe shekara ashirin ko talatin suna ɗawainiya da wannan mota, daga ɗan ƙarfen nan suka fara.

Takunkumin yana da dalili. A ƙarshen shekarun 1980 mutanen da ke mutuwa a haɗarin mota a Japan sun haura 10,000 a shekara, hukumomi suka fara harare-harare. Sai kamfanonin ƙera motoci na ƙasar suka yi wata yarjejeniya ta fatar baki, cewa babu wanda zai sayar da mota a cikin gida yana ikirarin ta wuce ƙarfin doki 280. Dama can akwai na'urar da ke datse gudu idan ya kai kilomita 180 a awa. Yarjejeniyar ta rayu daga 1989 har 2004, lokacin da Honda ta fito da Legend mai ƙarfin doki 300. A tsawon shekarun nan, 280 ne a takarda, amma duk wanda ya ɗora Skyline ta ƙarshe-ƙarshe a kan na'urar awo ya san ta haura 300. Kowa ya sani, kowa ya yi shiru.

Ita kuwa Skyline GT-R, wadda aka fi sani da lambar ƙirarta R32, tun asali ba don zuwa ofis aka yi ta ba. Babban injiniyanta, Naganori Ito, da abokan aikinsa, tseren motoci na rukunin Group A suka sa a gaba, kuma ƙa'idar rukunin ita ce sai kamfani ya sayar wa jama'a aƙalla mota 5,000 irin wadda zai shiga tsere da ita. Hatta girman injin lissafi ne. Dokar tseren ta ce duk inji mai turbo a ninka girmansa sau 1.7, don haka suka tsaya a cc 2,568, wanda in an ninka bai kai 4,500 ba, motar ta faɗa ajin da suke so ta fuskar nauyi da faɗin taya. Injin mai suna RB26DETT silinda shida ne a jere, da turbo biyu, gangar jikinsa kuma zubin baƙin ƙarfe ce mai kauri. Suka haɗa shi da wani tsari da ke barin tayoyin baya su ja motar, sai sun fara sulɓi kwamfuta ta tura wani kaso na ƙarfin zuwa na gaba.

Abin da ya biyo baya ya zama tarihi. Daga 1990 zuwa 1993 motar ta shiga tsere 29 a gasar Japan, ta cinye 29 ɗin. Ta ci tseren awa 24 na Spa a Beljiyam a 1991. A Ostareliya, Jim Richards da Mark Skaife sun ɗauki Bathurst 1000 da ita a 1991 da 1992, har a karo na biyun 'yan kallo suka yi musu ihu don haushin baƙuwa ta kunyata Ford da Holden a gidansu. Shekarar da ta biyo aka sauya dokokin gasar, ƙofa ta rufe mata. Wata mujallar motoci ta ƙasar, Wheels, ita ta laƙaba mata sunan Godzilla, dodon nan na fina-finan Japan, sunan kuma ya bi ta har yau.

To, ga injin da aka gina don ya ɗauki ƙarfin doki 500 zuwa 600 a filin tsere, an sayar wa matashi a kan yen miliyan 4.45 an ce masa 280 ne. Wa zai haƙura?

A nan ne labarin ke da daɗi, a nan kuma aljihu ke fara kuka. Turbo farfela ce da hayaƙin salansa ke juyawa, ita kuma ta danna ƙarin iska cikin inji, ƙarin iska ya ba da damar ƙona ƙarin fetur. Matsalar ita ce farfelar da Nissan ta sa wa motocin kasuwa ta tangaran ce. Ba ta da nauyi, tana saurin ɗaukar juyi, amma in aka matsa mata fiye da kima sai ta tarwatse, wani lokaci ɓarɓashinta ya koma cikin inji ya yi ɓarna. Don haka mai motar da ya zare ɗan ƙarfen nan ya ji daɗi, ba da jimawa ba zai nemi turbo mai farfelar ƙarfe. Sabon turbo yana son fetur fiye da abin da tsohon famfo ke iya kawowa, sai a canja famfo da bututun fesa mai. An canja su, sai kwamfutar injin ta rikice, dole a nemi gwani ya sake tsara ta. Ƙarfi ya ƙaru, kuloci ya fara zamewa. An sa kuloci mai tauri, giya ta fara ƙara. Ga birki, wanda aka yi wa motar da ba ta kai wannan gudun ba. Ga famfon baƙin mai, wanda a motocin farko-farko yake da rauni a inda ya kama karanshaf, kuma ranar da ya saki, injin ya buga ke nan. Kowane gyara yana haifar da ɗan'uwansa, mai motar kuma kullum cewa yake saura kaɗan ya gama.

Ba a gamawa. Kamfanoni irin su HKS da Trust da Mine's da Top Secret sun yi suna da arziki a kan wannan rashin gamawar, har aka kai ana fitar da ƙarfin doki 1,000 daga injin da ya bar masana'anta da takardar 280. Baje-kolin Tokyo Auto Salon, wanda aka fara a 1983, kowane watan Janairu cike yake da irin waɗannan motoci. Da dare kuma ana haɗuwa a wurin hutawar direbobi na Daikoku da ke Yokohama, a jera motoci, a ɗaga bonet, a sha hira a kan bututu da waya har 'yan sanda su zo su rufe wurin.

Mai kallo daga nesa zai ɗauka wahala ce za ta sa mutum ya tsani motar, alhali ita ce ke ɗaure shi. Wasu masana halayyar masu saye, Michael Norton da Daniel Mochon da Dan Ariely, sun wallafa wani bincike a 2012 inda suka nuna cewa mutum yana ɗora wa abin da ya harhaɗa da hannunsa daraja fiye da irinsa sak da wani ya harhaɗa, ko da akwatin IKEA ne. In akwati ya yi wannan tasiri, ina ga motar da mutum ya kwana a ƙarƙashinta, ya san ƙarar da take yi da sanyin safiya, ya san kusar da ya ɗaure da kansa da wadda har yanzu yake jin tsoronta? Sayar da irin wannan mota asara ce ma ta fuskar kuɗi, domin ba kasafai mai saye ke biyan rabin abin da aka kashe a gyare-gyare ba. Sai mutum ya ga gara ya riƙe abarsa.

Babban misali yana cikin gidan Nissan kanta. Hiroshi Tamura, wanda ya yi aikin tsara Skyline ƙirar R34, ɗaya daga cikin waɗanda suka biyo bayan R32, daga baya kuma ya daɗe yana jan ragamar GT-R ta zamani, ya sayi R32 tun tana sabuwa, ya yi ta gyara ta har ta kai wajen ƙarfin doki 600, kuma bai rabu da ita ba bayan shekaru fiye da talatin. Mutumin da sababbin motoci suka riƙa wucewa ta hannunsa kafin duniya ta gan su, tsohuwarsa ce dai a garejin gida.

Riƙe tsohuwar mota a Japan kuwa ba wasa ba ne. Akwai gwajin lafiyar mota mai suna shaken, wanda ake yi duk shekara biyu, mai tsada da tsanani, ana duba ƙarar salansa da tsayin mota daga ƙasa. Da mota ta shekara 13 harajinta yake ƙaruwa, na nauyi kuma ya sake hawa a shekara ta 18. Ga tsufa na yin aikinsa: tsatsa na cin bakin tayoyin baya, robobi na bushewa, fatar dashbod na kumbura saboda rana, wayoyin da ke kusa da inji na ƙonewa su yi ƙamas. Mafi ciwo shi ne ranar da aka je neman wata 'yar roba aka ce an daina yin ta. Duk wanda ya taɓa ganin mai tsohuwar Peugeot 504 yana zagaye Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano don neman fitila ta asali, ya san irin wannan jelen. (Ita Skyline ba a cika ganinta a nan ba, domin duk GT-R ɗin zamanin da sitiyari a dama aka ƙera su, Najeriya kuwa ta bar wannan tsarin tun 1972.)

Naci ya sa kamfanin ya waiwayo. A ƙarshen 2017 sashen tsere na Nissan, wato Nismo, ya fara sake ƙera kayan gyaran R32 da aka daina yi, kimanin guda 80 a tashin farko, daga tiyo zuwa tambarin jikin mota. Daga baya aka haɗa da magadanta, R33 da R34, har aka dawo da zubin gangar injin. A 2020 Nismo ta ƙara da wani tsari na kwance mota gaba ɗaya, a wanke ƙarfen tas, a auna shi, a sake ginawa, a kan kuɗin da ya kai wajen yen miliyan 45, wato ninkin farashin sabuwarta sau goma.

Sai kuma Amurka ta shigo, lissafi ya canja. Ba a taɓa sayar da Skyline GT-R a can a hukumance ba, amma matasan ƙasar sun tuƙa ta a wasan Gran Turismo tun ƙarshen shekarun 1990, sun kuma gan ta a hannun Paul Walker a fina-finan Fast & Furious. Wata doka ta 1988 ta hana shigo da motar da ba ta cika ƙa'idojin Amurka ba har sai ta shekara 25, kuma hukumomi sun sha ƙwace waɗanda aka shigo da su ta ɓarauniyar hanya. Yaran da suka yi wasan suka girma, suka sami albashi, suka zauna suna ƙirga watanni. R32 ta halatta a Agustan 2014, R34 kuma daga Janairun 2024. Wasu ma tun kafin lokacin suka saya, suka riƙa biyan kuɗin ajiya a Japan shekara da shekaru kan motar da ba su taɓa zama a cikinta ba. An ƙera R32 kusan 44,000, amma R34 ba ta wuce dubu goma sha ɗaya da 'yan kai ba, don haka farashi ya yi tashin gwauron zabi. A Mayun 2023 gidan gwanjo na Bonhams ya sayar da shuɗiyar R34 da Walker ya tuƙa a fim na huɗu a kan dala miliyan 1.357.

Wancan kuɗin na fim ne. Wanda ya fi nuna inda kasuwar ta dosa shi ne cinikin da aka yi a Japan a 2021, inda wata R34 ƙirar V-Spec II Nür ta 2002 ta tashi a kan yen miliyan 60.5. Abin da ya ba ta wannan daraja shi ne kilomita 10 kacal ta taɓa yi a duniya. Shekara goma sha tara, ba ta ko ɗumama injinta da kyau ba. Yau mai neman riba yana gudun motar da aka taɓa, yana neman salansar asali da turbon tangaran ɗin da masoya suka riƙa cirewa suna jefarwa a bayan gareji. Wasu masu motocin har sun koma farautar kayan da suka zubar shekaru ashirin da suka wuce.

Wannan ciniki ne na masu ajiyar kadara, kuma ba laifi ba ne, sai dai ba su ne suka raya motar ba. Da a ce kowa ya lulluɓe tasa da tampol tun 1989, da babu kamfanonin gyara, babu taron Daikoku, babu wanda zai matsa wa Nismo lamba ta dawo da kayan da ta daina yi. Waɗanda suka fasa turbo suka buga inji suka sake ginawa, su ne suka sa sunan ya yi tsadar da masu tampol ke cin moriyarta yanzu. Kuma tsadar ta fara yi musu illa: inshora ta hau, tsoron ɓarayi ya ƙaru, matashin da ke da sha'awa da filaya amma ba shi da miliyoyi an riga an fitar da shi daga layi.

A Janairun 2025 wasu injiniyoyin Nissan sun kai wata R32 baje-kolin Tokyo Auto Salon bayan sun cire mata inji sun sa batir da injin lantarki, da nufin adana yadda tuƙinta yake ga 'yan baya. Masoya suka rabu biyu, wasu na yabawa, wasu na ganin an yi wa dodo fiɗiya. A watan Agustan shekarar kuma masana'antar Tochigi ta fitar da R35 ta ƙarshe, magajiyar Skyline GT-R, bayan shekara 18 ana ƙera ta da mota kimanin 48,000.